Talatin da Ɗaya

Ni mai fasa dutse ne. Guduma ta san hannuna,
kantar tafina ta girmi ɗana na fari.
A tsaunin bayan Birnin Kudu nake nema,
inda tsari ke shan hantsi, gwaggon biri na tsawa.

Ran Talata Nomau mai tifa ya ce, "Lodi biyu,
kafin la'asar, ana haƙa harsashi a Dutse."
Na hau inda ban saba hawa ba,
na wuce kogon jemagu, na wuce tsamiyar nan
da ta tsaga fa ta zauna kamar gadonta,
sai ga fili a ƙoli, shimfiɗe kamar faifai,
da duwatsu sun yi zobe, ba mai motsawa.

Na ƙirga: talatin da ɗaya.
Ruwa ba ya jera haka. Iska ba ta san lissafi ba.
Kowanne ya ba jeji baya,
kamar dattawa a kan akushi.
Ta gabas akwai giɓi, faɗin mace da tulunta.
A tsakiya tarin ƙanana, ƙasa ta haɗiye rabi,
rabin kuma gansakuka na lulluɓewa.

Na tona da yatsa. Tsingaro.
A leɓensa zanen igiya,
a ƙarƙashin zanen, gurbin da babban yatsa ya danna
tun yumɓu yana ɗanye.
Na sa nawa. Ya zauna daram.
Sanyi ya kama ni, rana kuwa na ƙonawa.

Ashe nan ne wurin da ake faɗi.
Iya Tabawa ta ce kushewar mutanen farko ce,
masu tsawon giginya.
Malam Cindo ya ce gindin rumbu ne kawai,
"Yi bisimilla ka wuce."
Wata ɗaliba ta taɓa zuwa da igiyar awo,
kwana uku tana zane, aka tambaye ta,
ta ce, "Ban sani ba tukuna."
Ita na fi yarda da ita, ba ta yi gaggawar amsawa.

Ni dutse na sani.
Waɗannan ba 'ya'yan tsaunin nan ba ne,
jajaye ne, na bakin rafi, can ƙasa.
Ƙato huɗu ba sa ɗaga ɗaya sai da nishi.
Wani ya naɗa gammo, wani ya fasa farce,
wani ya ce a huta, wata ta miƙo ruwa.
Ba a hawa da irin wannan kaya don wasa.
Ko wa suka ajiye, ko me,
gudu suke yi kada a yi mantuwa.

An kuwa manta.
Sunan ya tafi, harshen da ke kiran sunan ya bi shi,
tulu ya fashe, bakinsa ya ƙi fashewa.

Nomau ya danna ham daga ƙasa.
Ga dutse a sassaƙe, ba ƙona taya, ba zufa,
ga buhun masara ya kusa gindi a gida.
Na ɗaga guduma. Na sauke.
Na koma gefe na kama baƙin fa mai taurin kai.
Lodi ɗaya na cika, ya zabge rabin kuɗina,
ya ce aljanu sun taɓa ni. Ban tsaya gardama ba,
gwiwa ta riga ta fara rawa.

Da magariba na ɗauki buta,
na zauna kan dutsen ƙofar zaurenmu,
wanda kakana ya mirgino tun ba a haifi babana ba,
inda uwata ke wasa wuƙa,
inda muka fasa aduwa muna yara.
Na duba. Ja ne. Na bakin rafi.
Na auna da taƙi: faɗin mace da tulunta.

Talatin da biyu ke nan.
Ban mayar ba, ba zan iya ɗauka ba.
Na dai zuba ruwan a hankali,
kamar mai alwala a gidan da ya zo gaisuwa.